Agogon da Kafinta Bai Tsayar Ba

Gab da magariba ne, ranar Talata. Kafinta ya dawo daga shago, ya wanke garin katako daga hannuwansa, ya zauna a benci a tsakar gida. Matarsa tana kicin, 'yarsu tilo tana kwashe shanya. Sai dutse ya faɗo a kan kwano, ya gangaro a hankali, ya tsaya a bakin indararo. Matar ta leƙo ta ce 'ya'yan maƙwabta ne, gobe sai ta je ta sami uwarsu. Na biyu ya faɗo, na uku ya biyo, tazararsu ɗaya kamar ana aunawa. Yaro ba ya jifa da irin wannan natsuwa, kuma Kafinta ya san haka.

Washegari busasshiyar ciyawa suka tarar a falo, tana juyawa ita kaɗai tana yin sama, ga tagogi duk a rufe. A rana ta uku yarinyar ta saki bokitin da ke hannunta, ta tsaya tsakiyar gida, ta ɗaga kai ta kafa wa sararin sama ido. Shekarunta goma sha shida, muryarta siririya ce tun tana ƙarama, amma abin da ya fito daga bakinta muryar namiji ce mai kauri, tana ƙidaya daƙiƙa ɗaya bayan ɗaya. Uwar ta yi salati ta rungume ta. Kafinta kuwa ya san muryar. Ta Bahago ce, amininsa da aka binne wata huɗu da suka wuce.

Su bakwai ne abokai, har da shi da Bahago, shekara goma sha ɗaya suna haɗuwa duk Asabar a wani fili a bayan gari. Akwai likitan haƙori, akwai direba, akwai tsohon soja da ba ya cin gasa kuma ba ya fashin zuwa. Abin da ya tara su ƙananan jiragen sama ne na wasa marasa inji, masu dogon fiffike, waɗanda nauyinsu bai fi na kofin shayi ba. Mutum zai kama ƙarshen fiffike, ya juya sau ɗaya, ya wurga jirgin sama, sannan ya tuƙa shi da rimot yana neman ɗumin iska mai tashi da zai riƙe masa shi. Matansu yara masu furfura suke ce musu, su kuwa ko a jikinsu.

A gasa kowane matuƙi yana da mai agogo da ke tsayawa a kafaɗarsa yana faɗa masa lokaci da sa'ad da zai sauke jirgi. Abokin hamayyarka ne zai riƙe maka agogo, ya nuna maka inda shaho ke shawagi, ko da hakan ne zai sa ka doke shi. Kafinta da Bahago, wanda tela ne mai wurgi da hagu, ba su taɓa riƙe wa wani ba sai juna. Bahago yakan ce wurgin Kafinta kamar na tsohuwa mai korar kaji. Kafinta yakan ce jirgin Bahago gam ya fi fiffike yawa.

Dokar mai agogo biyu ce: ba ya ɗauke ido daga jirgi, kuma ba ya tsayar da agogo sai jirgi ya taɓa ƙasa ko hannu. A zagayen ƙarshe na gasar bana jirgin Bahago ya sami iska mai kyau ya yi ta hawa, Kafinta yana ƙidaya masa, idonsa a sama. Sai da ya ga jirgin ya daina juyawa sannan ya waiwaya, ya tarar da amininsa kwance rub da ciki a ciyawa, rimot a ƙarƙashinsa. Zuciya ce, in ji likita. Jirgin ya yi ta yin sama har ya ɓace, kwana uku abokai suna nema ba su ga ko ƙyallinsa ba. Da Kafinta ya dawo daga maƙabarta ya sa hannu a aljihu, ya tarar da agogon yana tafiya. Ya jefa shi cikin akwatin kayan aiki ya tura ƙarƙashin gado. Bai sake taka filin ba, kuma duk abokin da ya yi sallama sai ya sa a ce ba ya nan.

Kwana tara yarinyar tana haka. Da rana ta yi gora za ta fito ta ƙidaya, wuyanta ya sandare, abinci sai an ɗura mata. Kafinta yana cewa gobe zai nemo malami, goben ba ta zuwa. Abin kunya ne, amma ba za a ɓoye ba: yakan jawo benci kusa da ita ya rufe ido ya saurara, don kewar muryar ta fi ƙarfinsa.

"Maigida," in ji matar a rana ta tara, "ko ka kira Malam yau, ko in ɗauki 'yata mu tafi gidanmu. Dubi wuyanta. Dubi yadda ta koma."

Malam ya zo bayan la'asar, dattijo ne ɗan ƙarami wanda ba ya gaggawa ko da gobara. Ya zauna a tabarma ya fara karatu, ya daɗe yana yi. Inuwa ta cinye tsakar gida, har kajin maƙwabta suka yi shiru. Can yarinyar ta sauke idonta daga sama a karon farko.

"Ya isa haka, dattijo," in ji muryar mai kauri. "Kana ƙona ni."

"Wane ne kai," in ji Malam, "kuma me ya haɗa ka da 'yar mutane?"

"Aljani ne ni, mazaunin filin da suke wasa. Ba ni da kowa. Duk Asabar ina zaune a cikinsu ba su sani ba, in sun yi dariya in yi. Da mai hagun ya faɗi, jirginsa ya tashi faɗowa, sai na tallafe shi. Na ji dokarsu, ba a sauka sai mai agogo ya faɗa. Wata huɗu ke nan ina riƙe da shi, ba wanda ya ce mini komai. Na gaji."

"Shi ya sa ka zalunci yarinya?"

"Na yi jifa, mai agogon bai ji ba. Na aiko ciyawa bai gani ba. Da na ari muryar abokinsa kuwa, ai ka ga ya jawo benci."

Malam ya ce ya fita, ko a ci gaba da karatu. Aljanin ya ce zai fita in duk suka koma filin kowace Asabar saboda shi. Malam ya ce ba a yi masa alkawarin komai, ba bayinsa ba ne.

"To a bar mini bakinta lokacin magariba kawai, sauran yini nata ne. Ubanta ma yana so. Tambaye shi."

Matar ta juyo ta dubi mijinta, ta ga ya sunkuyar da kai, sai hawaye ya zubo mata ba sauti. Shekara ashirin suna tare, ba ta taɓa jin tsoronsa ba sai ranar.

"Ɗana," in ji Malam a hankali, "wanda ya tafi ya tafi, addu'a yake buƙata. Wannan kwaikwayo ne. Ita kuwa 'yarka tana da rai."

Kafinta ya dubi yarinyar, ya ga leɓɓanta sun tsage, ya ga ƙashin wuyanta a waje. Ya tashi ya shiga ɗaki, aka ji ƙarar jan akwati. Ya dawo da agogon a tafin hannunsa, lambobin suna ta gudu. Ya ɗora babban yatsa a kan maɓallin, amma bai danna ba.

"Abu ɗaya zan tambaye ka. Kafin ya faɗi, ya kira ni?"

"Kada ka tambaye shi komai," in ji Malam.

"Ya kira ka," in ji muryar. "Sau biyu."

Kafinta ya rufe ido ya danna. "Lokaci ya cika," ya ce. "Sauka."

Yarinyar ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki, ta faɗa cinyar uwarta. Da ta buɗe ido, da siririyar muryarta ta ce, "Baba, wuyana ciwo."

"Sannu, Mamana," ya ce. Ya miƙa hannu zai taɓa ta, uwar ta riga shi gyara mata kwanciya, sai ya mayar da hannunsa.

Ya raka Malam ƙofar gida ana kiran salla. Dattijon ya tsaya yana gyara takalmi, ya ce masa aljani maƙaryaci ne, abin da zai ƙona zuciya yake nema ya faɗa, kada ya ɗauki maganarsa ya ɗora wa kansa. Kafinta ya gyaɗa kai, ya yi godiya, ya tsaya har Malam ya sha kwana.

Bai faɗa masa ba, kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba, cewa ba ya buƙatar shaidar aljani. Da kunnensa ya ji kiran ranar, duka biyun, na biyun ya fi na farko rauni. Ya ɗauka lokaci Bahago yake tambaya. Idonsa a sama, ko waiwaye bai yi ba ya ce masa, "Kai dai yi haƙuri mana, saura daƙiƙa arba'in."