Kukan Motar Hanif

Gidan Alhaji Lawan da ke Nassarawa GRA gida ne babba, amma tun rasuwar Hanif ya koma kamar babu kowa a cikinsa. Shekara biyu ke nan ba a ƙure rediyo ba, ko kuku lallaɓa tukwane yake yi. Hanif shi kaɗai ne ɗa namiji a gidan, kuma a wasan mota ya rasu, ranar kai amaryar wani abokinsa, irin haukan nan na samari da ake juya mota a tsakiyar titi ana ihu ana tafi. Ƙanwarsa Sauda ce ta rage wa iyayen, kuma a kanta duk nauyin wannan shiru ya sauka.

Wata Laraba bayan la'asar, Sauda na zaune a falo tana yanke wa mahaifiyarta, Hajiya Tani, farce. Saura wata biyu a ɗaura mata aure da Ƙasimu, wani saurayi ɗan Tudun Murtala mai aikin harhaɗa magunguna. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a Alhaji ya kafa doka a gidansa cewa babu zance bayan magariba, saboda haka da rana Ƙasimu ke zuwa, a kan ɗan babur ɗinsa.

"Yau ba ranar zuwan mutumin naki ba ce?" in ji Hajiya, ba tare da ta ɗago ba.

"Ya je duba mota, Momi. 'Yan Kwatano guda biyu ya gani wajen wani dila, wai ya rasa wadda zai ɗauka. Ɗaya ta Jamus, ɗaya ta Japan."

Ba ta rufe baki ba sai ga wani kuka daga bakin get, kukan inji mai kauri da ake ji har a ƙirji. Aka ba shi wuta sau uku, sannan aka danna hon sau biyu a gajarce. Abin yanke farcen ya faɗi daga hannun Sauda, domin ta san wannan kukan.

"Hanif!" Hajiya ta miƙe zumbur. "Hanif ne — wallahi shi ne!"

Babu takalmi babu mayafi ta fita a guje, Sauda na bin ta tana kira. Maigadi ya riga ya buɗe. Baƙar mota ce mai sheƙi, ƙasa-ƙasa, irin ta marigayin sak, har ƙafafun. A bayan sitiyari kuwa Ƙasimu ne yake washe baki, dila na gefensa. Gwaji aka ba shi, shi kuma bawan Allah ya ce bari ya biyo ya burge amaryarsa. Ya san yayanta ya rasu a haɗari, amma ba a taɓa faɗa masa a wace irin mota ba, kuma Sauda ce ba ta faɗa ba, don ba ta iya kama zancen sai ta yi kuka.

Hajiya ta dafa bonet da hannu biyu, ta leƙa ta ga fuskar da ba ita take nema ba, sai ta sulale ta zauna a ƙasa. Daidai nan Alhaji ya fito daga ɓangarensa da carbi a hannu. Ya daɗe yana kallon motar kafin ya dubi mai tuƙa ta.

"Ashe kai ma ɗan wasan mota ne?"

"A'a, Alhaji, wallahi gwaji ne kawai na —"

"Na ji yadda kake taka ta. Na binne ɗaya, Ƙasimu. Ba zan ɗauki wadda ta rage min in bai wa mai irin wannan ƙafar ba. Ka gaya wa manyanka na ɗage ranar. Fitar min da wannan abin daga gida!"

Washegari da safe Hajiya ta kira Sauda ɗakinta. Idanunta sun kumbura, amma akwai wani haske a fuskarta da Sauda ta daɗe ba ta gani ba, kuma shi ya fi tsorata ta.

"Ki ce masa ya saye ta."

"Momi! Ba ki ji abin da Dadi ya ce ba?"

"Na ji. Ubanki zai huce. Sauda, shekara biyu ina kasa kunne a tagar nan. Jiya na ji ɗana ya dawo gida, ko da na minti ɗaya ne. Ki bar ni in riƙa jin wannan kukan. In kuwa ya sayi wata, to kada ya kawo min ita in sa albarka, ba zan fito ba."

Wanda bai sani ba zai ce son a-gani ne irin na matan GRA. Ina! Ciwo ne da ya ƙi warkewa. Sauda ta koma ɗakinta ta kifa kai a filo. Motar da uwa ke so ita uba ya kora, kuma aurenta ne a tsakiya.

Da ta samu muryarta ta kira Ƙasimu a sabuwar wayarta ta hannu, ta faɗa masa komai, har da abin da ya kamata ta faɗa tun shekara guda da ta wuce.

"Sori, Sauda. Da na sani ko titinku ba zan biyo da ita ba." Ya ja numfashi. "Amma ba zan ɓoye miki ba, tun ina sakandare nake mafarkin motar nan. Silinda shida ce fa. In kika hau titin Haɗeja da ita kamar ba a ƙasa kike ba."

"Haka Yaya Hanif yake cewa," in ji ta, sai kuka ya ƙwace mata. "Filis, ni ban san me zan ce maka ba. Duk wadda ka ɗauka akwai wanda zai juya mana baya."

Ta rasa wanda za ta kai wa kuka sai Baba Maharazu, tsohon direban gidan, mutumin Jahun, wanda ya shekara ashirin da shida yana jan Alhaji kuma shi ya koya wa Hanif tuƙi. Ta roƙe shi ya raka Ƙasimu wajen dilan. Ya ce zai je, amma da sharaɗi: da sassafe, kafin a tayar da ko ɗaya, don shi ba ya yarda da motar da aka riga aka ɗumama masa.

Da hantsi ya dawo, ya same ta a baranda, ya zauna a bakin dakali ya cire hula.

"'Yata, na duba su ciki da waje. Baƙar nan babu ƙarya, lafiyarta lau, ƙarfi kuwa kamar me. Amma mota ce mai son a lallaɓa ta, in ta yi tari sai an nemo bakanike na musamman, kayanta kuma sai an aika Legas. Ita kuma mai ruwan tokar, ta Japan ɗin, ba ta da wannan zafin, amma na sa farin hankici a salansa ya fito fes. Kayanta ko yanzu kika je kasuwar Ƙofar Ruwa kya samu. Duk na gaya masa."

"Sai ya ce me?"

"Ya shiga baƙar ya zauna, bai tayar ba, ya riƙe sitiyari ya fi minti goma. Na ga idonsa ya kawo ruwa. Sai ya ce min, 'Baba, in na saye ta, kullum na shigo Hajiya za ta fito neman wanda ba ni ba ne, kullum kuma sai ta sake rasa shi. Ba zan yi mata haka ba, ko da za ta tsane ni.' Ya fito ya miƙa wa dila makulli. Mai ruwan tokar ya ɗauka."

Ranar Juma'a bayan la'asar Ƙasimu ya kawo ta a sa albarka, kamar yadda ake yi. Bai shigo da ita ba, a gindin darbejiyar waje ya ajiye. Hajiya ta aiko cewa kanta na ciwo. Alhaji ya amsa gaisuwa da ƙyar, ya ci gaba da karatun jarida, bai ce uffan a kan ranar auren ba. Aka bar shi ya gaisa da Sauda a baranda, ƙofa a buɗe, ya tafi kafin kiran magariba.

Haka wata Juma'ar, haka ta bayanta. Aka yi zaɓe aka gama, fastocin da ke jikin katanga suka koɗe, damina ta sauka. Akwai ranar da ruwa ya cika titi har motoci suka jeru a mace, amma ƙarfe huɗu da rabi mai ruwan toka na gindin darbejiya. 'Yan uwansa suka dame shi ya nemi wata, wai ana wulaƙanta shi don shi ba ɗan GRA ba ne. Sauda ta rame har zobenta na zamewa. Sau biyu ta ce masa ya haƙura da ita, sau biyu yana cewa, "Sai Juma'a in Allah ya kai mu." Wata biyar cur aka yi a haka, kuma duk wata biyar ɗin Hajiya ba ta leƙo ba.

Wata Juma'a Sauda na ninke wa mahaifiyarta kaya a ɗaki, hankalinta na wani wuri, sai ta ji Hajiya ta ce, "Tashi, ya zo."

"Wa, Momi?"

"Ƙasimu mana. Ba ki ji tsayuwar motarsa ba?"

Sauda ba ta ji komai ba, don motar ba ta da kukan da za a ji daga ɗaki. Ta leƙa taga, sai ga ta a gindin darbejiya. Ta juyo tana kallon uwarta, baki buɗe.

"Tun yaushe kike gane ta?"

"Na daɗe." Hajiya ta share ido da gefen zane. "Ɗana tun daga kwanar titi nake jin sa, amma duk fitar da zai yi, hankalina a tashe yake har ya dawo, kuma ran nan bai dawo ba. Wannan yaron sai na kasa kunne sosai nake jin sa, amma wata biyar ban taɓa jiran sa ya wuce lokaci ba. Miƙo min mayafina."

Ta fita har wajen get, abin da ta daina yi in ba asibiti za ta ba. Ƙasimu ya durƙusa a ƙasa. Ta ɗora hannu a kan bonet ta ce, "Allah ya sa alheri, ya tsare gabanka da bayanka, ya riƙa dawo min da kai gida lafiya — kai da 'yata."

Alhaji na tsaye a baranda. Tuni Baba Maharazu ya ba shi labarin makullin da aka mayar, matarsa kawai yake jira. Ya yi gyaran murya ya ce, "Maigadi, buɗe masa ya shigo da ita. Kai kuma ka ce wa manyanka ina jiran su ranar Lahadi."

Sauda ta durƙushe a bakin ƙofa tana kuka, amma wannan karon ba irin na da ba ne. Bayan sati shida aka kai ta gidanta a cikin mai ruwan toka, a hankali, babu wanda ya juya mota a titi.

'Yan mata da samari, ku riƙe wannan. Ƙasimu ya bar abin da ransa ya fi so don kada ya fama wa wata uwa ciwonta, ya kuma jure fushinta wata biyar bai yi ƙorafi ba. Soyayyar gaskiya ba a gane ta da ƙarar da ta shigo da ita, ana gane ta ne da haƙurin wanda ke dawowa kowace Juma'a ko an ƙi fito masa. Har yau in Juma'a ta yi, ƙarfe huɗu da rabi, Hajiya Tani na bakin taga, kuma wanda take jira yana zuwa.