Dogo na Bencin Baya

"Wane Dogon? Mai gyaran waya?" Baba ya dire kofin shayinsa har ya fantsalo kan tabarma. "Dogon da na koyar? Na bencin baya?"

Auta ta sunkuyar da kai tana murza bakin gyalenta. Ita ce ƙarama a gidan, 'yar lelen Baba, kuma tana karatun aikin ido a makarantar babban asibiti. Da ƙyar ta lallaɓa Inna ta faɗa wa Baba wanda take so, sai aka yi rashin sa'a Gwaggo, yayar Baba, ta zo yini a ranar.

"Na tsufa ina hedimasta," in ji Baba, "ban ga kai mai tauri irin na yaron nan ba. In yi rubutu a allo ɓaro-ɓaro, in ce Dogo karanta, sai ya tsaya yana ƙanƙance ido kamar an tashe shi daga barci. Da ƙafarsa ya gudu daga makaranta. Shi zan ɗauki 'yata mai ilimi in ba?"

"Ga girman kai!" Gwaggo ta cafe. "Rannan na hango shi a tsallaken titi, na ɗaga masa hannu har kafaɗata ta amsa. Yaron nan ya dube ni tsaf, ya wuce kamar ya ga turken lantarki!"

"Gwaggo, wallahi ba wulaƙanci ba ne," in ji Auta, "ni ma yana yi mini haka..."

"To kun ji! Ita ma bai ɗauke ta a bakin komai ba!"

Auta ta shige ɗaki ta faɗa kan gado. Kuka kam ta sha shi, har filo ya jiƙe. Tana cikin shassheƙa maganganun suka riƙa dawo mata: allo, ƙanƙance ido, tsallaken titi. Sai ta tuno yadda Dogo ke kai waya har bakin hancinsa in yana gyara. Ta tuno darasin da likita ta yi musu a kan masu ganin kusa, waɗanda nesa ke zame musu hazo. Zumbur ta miƙe.

"Inna! Inna! Na gano!"

"Kin gano me, ke da ko hawaye ba ki share ba?"

Washegari da safe ta dira a rumfarsa. Yana duƙe a kan tebur, wayoyi a buɗe birjik, ƙaurin dalma na tashi.

"Dogo, karanta mini allon shagon can."

"Wane allo?"

"Na mai kemis. Ga shi can da jan fenti."

Ya yi dariya. "Haba Auta, wa zai karanta rubutu daga nan?"

"Kowa."

Ya daina dariya. "Kowa?"

"Kowa, Dogo! Rufe rumfar nan, yau kai ne firaktikal ɗina, idonka zan gwada."

A asibiti likitar da ke koyar da su ta tsaya a kanta, Auta ta ɗora masa firam ɗin gwaji mai nauyi, tana zare gilashi tana saka wani. Can sai Dogo ya zabura, ya nufi taga.

"Kai! Kai! Ganyen bishiyar can ɗai-ɗai ake ganinsa? Ga tsuntsu! Likita, ga tsuntsu a kai!"

Auta ta ruga ƙarshen baranda ta tsaya, ta ɗaga masa hannu. Ya daɗe yana kallonta.

"Ashe haka kike daga nesa? Ni da launin gyalenki nake gane ki."

"In na canza gyale fa?"

"Shi ya sa rannan na bi wata baiwar Allah ina ta zuba mata hira, ta kusa kira mini 'yan sanda."

Likita ta yi dariya har da riƙe ciki. Shi kuwa Dogo, dariya yake yi hawaye na bin kumatunsa. Ƙato guda, tun yana yaro ake ce masa daƙiƙi, har shi ma ya yarda.

Da Auta ta kai wa Baba labari, sai ya sunkuyar da kai.

"Ni na kai shi bencin baya," ya ce a hankali, "don kada tsawonsa ya tare wa yara allo." Sai kuma ya gyara murya, hedimastan ya dawo. "Amma tabarau ba ya karanta wa mutum littafi. Ya koma aji, ya ci jarrabawar gama sakandare, sannan a yi magana."

Dogo ya shiga ajin yamma. Da safe gyaran waya, da la'asar benci, gwiwoyinsa ko shiga ƙarƙashin tebur ba sa yi. 'Yan ajin suka laƙaba masa Kawu. Abokansa na rumfa kuwa in ya ratayo jaka sai su ɗauka: "Furofesa, a sauka lafiya!" Ya toshe kunne. Auta ma ba ta zauna ba, tana fama da nata karatun, in sun haɗu a ƙofar gida ita ta yi masa tambaya, shi ya riƙe mata littafi. Gwaggo ta ce ba ta taɓa ganin zance mai kama da ɗakin jarrabawa ba.

Sakamako ya fito. Ya ci sauran darussa duka, lissafi ya kayar da shi.

Ya zo ƙofar gida da tabarau a hannu, kansa a ƙasa. "Auta, ki haƙura da ni. Ƙila Baba ya yi gaskiya, ba idon ba ne kaɗai, kan ne. Kada in tsufar da ke."

"Mayar da gilashin nan ka dube ni!" in ji Auta, hawaye na zuba. "Darasi ɗaya ya kayar da kai shi ne za ka sake gudu? Ka gudu kana yaro, ba laifinka ba ne. In ka gudu yau, wallahi naka ne!"

"Ai na faɗa," Gwaggo ta ɗago murya daga tsakar gida, "a bar yarinya ta nemi daidai da ita."

Sai ga ƙarar jan abu a ƙasa. Baba ne ya fito daga ɗakinsa yana janye da tsohon allon da ya ajiye tun barinsa aiki, alli a aljihu. Ya jingina shi da bango, ya ɗauko kujera ya dasa dab da allon.

"Kai Dogo! Shigo."

"Baba, ni..."

"Zauna nan. A gaba."

Haka aka yi ta yi har shekara ta zagayo. Baba bai sassauta ba, tsawa kam Dogo ya sha ta, alli ya ƙare an sayo wani. Amma ko sau ɗaya bai yi fashi ba, ko ana ruwa.

Ranar da sakamako na biyu ya fito, Auta na tsaye a ƙofar gida, Gwaggo na gefenta wai ta fito shan iska. Sai ga Dogo can a ƙarshen layi, a guje, jaka na dukan bayansa. Tun daga nesa ya ɗaga hannu biyu.

"Gwaggo! Gwaggo, ina yini! Na ci! Auta, na ci lissafi!"

Auta ta yi tsalle ta ƙanƙame Gwaggo. "Ya yi fasin! Inna! Baba! Ya yi fasin!"

"Sake ni kada ki karya ni," in ji Gwaggo tana goge ido da gefen zane. "Yau kuma har daga can aka gan ni? To Allah ya yi albarka."

Baba ya fito ya karɓi takardar, ya karanta, ya sake karantawa. "Ka turo manyanka," ya ce, ya juya da sauri don kada a ga idonsa.

An yi aure. Dogo bai ajiye jaka ba, ya wuce makarantar fasaha, yanzu shi ke koya wa matasa gyaran na'urori. Auta kuwa in ta je makarantu gwajin ido, daga bencin baya take farawa.

To 'yan mata da samari, ku ji da kyau. Karatun Auta ne ya gano ciwon, amma Dogo ne ya zauna ya sha wahalar allo. In kuna son mutum, ku taya shi neman ilimi, kada ku taya shi kuka kawai. Ku kuma iyaye, kafin ku ce wa yaro daƙiƙi, ku fara tambayarsa ko yana ganin allon.