Ɗankande da Ramar Bayan Gida

A shekarar da fari ya ƙone gonakin Kukuo, akwai wata yarinya da ba ta da abokin wasa sai ɗan akuyarta, Ɗankande. Babanta yana kudu wajen haƙar zinariya. Mamarta kuwa wuni take a kasuwa.

Kafin baban ya tafi, yakan kawo ƙasar ma'adinai a buhu, ya wanke ta da zaiba a bayan gida. Tun daga nan gubar zaibar ta lalata ƙasar wurin. Maƙwabta suka hana 'ya'yansu shigowa. Kaɗaici ya ishi yarinyar ƙwarai.

Wata rana Ticha Fuseini, malaminsu na noma, ya kawo mata irin rama.

Ya ce, "Ki shuka a bayan gidan nan, ki riƙa ba ta ruwan wanke-wanke. Saiwarta za ta tsotse gubar a hankali. Amma kada mutum ko dabba ya ci ganyen. Kin ji?"

"Na ji, Ticha."

Rama ta fito kore shar. Ɗankande kuwa yunwa ta sa har ana ganin haƙarƙarinsa. Kullum sai ya leƙa ta shingen da aka yi wa ramar yana kuka.

Yarinyar ta ce a ranta, "Ganye mai kyau haka, ina guba a ciki?" Ta fara yanko masa, yau kaɗan, gobe kaɗan.

Rannan da safe Ɗankande ya kasa tashi. Jikinsa sai rawa yake. Ta kira sunansa, ko kunne bai ɗaga ba.

Ta fashe da kuka. "Mma, ni na ba shi ramar! In ya mutu, da wa zan yi magana?"

Mamar ta ce, "Share hawaye. Ruga ki kira Ticha."

Ticha ya daka gawayi, ya dama da ruwa, ya ɗura masa. Ya ce wa yarinyar, "Gubar da ta bar ƙasa, ina kike zaton ta tafi? Tana cikin ganyen nan."

Suka tumɓuke ramar, Ticha ya kai ta nesa ya binne. Suka shuka sabuwa.

Bayan 'yan kwanaki Ɗankande ya miƙe, har ya cinye mata gefen zane. Da 'yan ajinsu suka ji labarin, suka fara kawo wa Ɗankande ɓawon rogo, suna taya ta gyaran shinge.

Ta ce musu, "Ba duk abu mai kyau a ido ake ci ba. In manya sun hana, ku tambayi dalili kafin ku taɓa."