Ruwan Sabulu a Gindin Zaitun

"Sai da na ce kada su zubar bayan faɗuwar rana!"

"Inji ne, Lumturi. Inji ya san magariba?"

Tun da ɗanyen mai ya malalo daga rijiyar kamfani ya jiƙa gonar zaitun ɗinsu, ma'aikata ke kwashe ƙasar, su wanke ta da ruwan sabulu cikin wata ƙatuwar ganga, su mayar. Kowace tsohuwa a ƙauyen ta san ba a zubar da ruwan wanki a gindin bishiya da almuru. Ranar nan an zubar.

Bashkim, mijin Lumturi, bai rufe baki ba dutse ya faɗo kan rufi. Wani ya biyo. Karnuka suka yi tsit. Lumturi ta waiwaya, sai ga 'yarsu Mirela, wadda ta daɗe tana fama da tari, zaune a bakin rijiya tana murza ido, tana zagi da muryar tsoho.

Washegari Hoja Kemal, limamin ƙauyen, ya zo. Ya daɗe yana karatu, ɗakin ya yi nauyi, sannan ya ce, "Wane ne kai?"

"Mai gindin zaitun," in ji muryar. "Ɗanyen mai ya zo, na haƙura. Yanzu kuma sabulu a ido? Ni kwano ne?"

"Me za a ba ka ka fita?"

"Ruwan sukari, kamar yadda kakanninku ke ba mu haƙuri."

Lumturi ta ruga ta ɗebo a rijiya, ta dama da sukari. Yarinyar ta sunsuna, ta ture kofin.

"Tir! Wa ke shan wannan?"

Shi mutanen gidan suke sha tun da man ya malalo.

Aka karɓo ruwan kwalba a kanti, aka sa sukari, aka zuba a gindin bishiyar. Muryar ta fara yin nisa.

"Tarin fa?" Lumturi ta kama ƙafar 'yarta. "Ka tafi da shi, don Allah."

"Ba nawa ba ne, baiwar Allah. A nan na same shi."

Mirela ta buɗe ido, ta ce, "Mama." Sai tarin ya sarƙe ta, ya daɗe bai sake ta ba. Hoja ya sunkuyar da kai yana neman takalminsa.

"Ƙasa dai an wanke ta," Lumturi ta ce a hankali. "Ita fa?"

Bashkim ya sosa ƙeya.

"Ai sun bar rabin jarkar sabulun a bayan gida."