Maganin Marigayi Leoncio a Gadar Sama

Ƙarfe bakwai na safiyar Asabar Don Anacleto mai kiwon kifi ya faɗo ofishin 'yan sanda na Uchupata babu ko gaisuwa, da mataccen kifi a kowane hannu. Ya dire su a kan tebur, daidai gefen shayin Sufeto Huallpa.

"Sufeto, an gama da ni! Tafki uku, ko kifi ɗaya bai tsira ba."

Sufeto ya janye kofinsa. Ya san Anacleto da kwakwazo, mutumin da ko akuya ta taɓa masa kabeji sai gari ya ji. Amma yau ga matattun kifi a kan tebur, don haka Sufeto ya ɗauki hularsa.

A gadar sama, wato gadar da ke kan rafi can sama da gari, suka tarar da ɓarnar. Daga nan magudana take ɗibar ruwa, ta bi ta tafkunan Anacleto, ta zarce tankin da duk gari ke sha. Bakin ruwan ya cika da kumfa mai launin hoda, da fasassun kwalabe, da katunan ƙwayoyi. Sufeto ya sa a rufe tankin nan take. Ya saka safar hannu, ya tsamo wani jiƙaƙƙen kwali. An rubuta suna a jiki da biro: Leoncio Ttito.

Kwana shida ke nan da rasuwar Leoncio.

"Ka gani ko?" in ji Anacleto. "Matarsa ce, Eusebia! Jiya aka wanke kayan mamaci, jiya ta zubo mana wannan. Tun mijinta yana raye muke rigima kan ruwa. Kuma ina da shaida, Wilmer direba ya gan ta da idonsa."

Shugaban gari ya riga ya kira taro ƙarfe huɗu. Sufeto ya san hukuncin wanda ya ɓata ruwa a Uchupata: a toshe hanyar ban-ruwan gonarsa, ba kuma a sake buɗewa. Mama Eusebia ba ta da komai a duniya sai 'yar gonar dankalinta. In aka toshe mata, kafin kaka yunwa za ta kore ta daga garin.

Ya same ta a tsakar gida cikin baƙaƙen kaya, tana ɓare wake.

"Mama, maganin Tayta Leoncio fa, ina kika kai shi?" in ji Sufeto. Tayta shi ne baba a harshen garin.

"Ɗakin shan magani mana, ɗana. Akwatin nan na ƙarfe da ke bakin ƙofa. Ba ku kuka yi ta shela a lasifika ba, kada a zuba a masai, kada a zuba a rafi, kada a ajiye yara su sha? Kashegarin jana'iza na tattara na kai."

"Duka?"

"Har da na ciwon nan mai ƙarfi, wanda ke sa shi barci. Kwalba huɗu, ko buɗe su bai kai ga yi ba." Ta share ido da bayan hannu. "Ni da ban zubar masa da ko tsohon takalmi ba, zan zuba guba a ruwan da jikokin mutane ke sha?"

Tausayinta ya kama shi, amma ya san taron gari ba zai saurari tausayi ba. Ya koma gada, ya baje duk abin da aka tsamo a kan buhu, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ga na tari, ga na hawan jini, ga na tsutsar ciki, ga galan biyu na ruwan wanke rauni. Sunayen mutane daban-daban ne, ba na Leoncio kaɗai ba. Amma maganin ciwo mai ƙarfi, wanda 'yan shaye-shaye ke nema ido rufe, babu ko murfinsa. Wanda ya zubar da kayan nan sai da ya zauna ya tsince su tukuna.

A ɗakin shan magani, Nas Nélida ta tarbe shi da murmushin da ya yi yawa.

"Yaya ake kwashe akwatin?"

"Duk ƙarshen wata, Sufeto. Ni nake buɗewa, in juye a jan buhu, in ɗaure, in buga hatimi. Wilmer ya ɗauka ya kai birni, inda ake ƙonewa."

"Jiya ma haka aka yi?"

"Haka aka yi."

"Ikon Allah. To matata ta ce jiya tun asuba kina can saman dutse kina yi wa yara rigakafi, ba ki sauko ba sai yamma. Ko ku biyu ne?"

Murmushin ya ɗauke. Nélida ta zauna a kan benci.

"Ni kaɗai ce a nan, Sufeto, ba mataimaki. Mabuɗi na bar wa Wilmer a ƙarƙashin tukunyar fure. Wata biyar ke nan ina yin haka. Yana da kirki, har burodi yake kawo mini daga birni."

"Burodin nan ya yi miki tsada," in ji Sufeto, ya fice.

Wilmer Zegarra mutumin bakin teku ne, bai fi shekara da fara zuwa garin ba. Sufeto ya hango shi a kasuwa yana shan farfesun kan rago, farar motarsa a fake a gefe. Bai ce masa uffan ba. Ya dai raɗa wa Saje Condori ya tsaya kusa da motar, ya yi kamar rana yake sha.

Ƙarfe huɗu dandali ya cika. Aka zaunar da Mama Eusebia a tsakiya ita kaɗai. Wilmer ya fito ba da shaida, ya gyara wuyan riga, sai ka ce lambar yabo za a ba shi.

Sufeto ya nemi izinin shugaba. "Tambaya biyu kawai, Tayta. Wilmer, a ina ka gan ta?"

"A gadar sama, yallaɓai. Ina wucewa wajen ƙarfe goma."

"Me take yi?"

"Wankin kayan mijinta, irin na al'adarku. Ta tattare zane, ta shiga ruwa har gwiwa, tana ta cuɗa bargo. Da ta gama sai ta juye buhun magani."

Can wata tsohuwa a baya ta ƙyalƙyale da dariya.

"A gadar sama? Kai yaro, a garinku sama da masu rai ake wanke kayan matattu?"

Surutu ya ɓarke. Duk ɗan Uchupata ya sani tun yana goye, wankin kwana biyar a mahaɗar ruwa ake yin sa, can ƙasa da gari, don ruwa ya tafi da mutuwa gaba. Kuma matar mamaci ba ta taɓa ruwa ranar. Surukai ne ke wanki, ita tana zaune a kan dutse, ta juya wa rafi baya har a gama.

"Ni na cuɗa bargon nan," wani mutum ya ɗaga murya, "har yanzu kafaɗata ciwo take yi!"

"Ƙarfe goma tana kusa da ni, muna tauna ganyen koka," in ji tsohuwar.

Wilmer ya ce, "To, wataƙila wata ce na gani."

"Wataƙila," in ji Sufeto. "Ba ni mabuɗin mota."

Duk taron ya bi su har kasuwa, inda motar take. Bayan motar wayam, babu jan buhu. Saje Condori ya ɗaga kujerar direba, ya jawo wata jakar makaranta. Sufeto ya zazzage ta a kan murfin injin: ƙwayoyin barci, allurai, da kwalabe huɗu da ba a buɗe ba. Ya ɗaga ɗaya sama, ya karanta sunan da ke jiki da ƙarfi, yadda na ƙarshen taro zai ji.

"Leoncio Ttito."

Wilmer ya jingina da mota.

"Akwai masu karɓa a birni," ya ce a hankali. "Sauran kuwa kaya ne kawai, wurin ƙonawa da nisa. Da can a kwazazzabo nake zubarwa. Jiya na ji sanarwar wankin a rediyo, na ce in an gani a ruwa za a ce masu makoki ne. Ban san kifi zai mutu ba. Da Don Anacleto ya fara ihu, sai na tsorata na ambaci sunanta."

"Tsohuwa mai takaba ka zaɓa," in ji Sufeto. "Miƙo hannu."

Ƙarar ankwa ta sa wurin ya kaure da tafi da guɗa. Shugaban gari ya buga sandarsa a ƙasa, ya ce ruwan Eusebia yana nan daram, kuma daga yau mabuɗin akwatin biyu ne, ɗaya a hannun nas, ɗaya a hannun gari, sai an haɗa su zai buɗu. Sufeto ya ji wani daɗi ya ratsa shi, irin wanda bai ji ba tun da ya sa kaki.

Don Anacleto ya cire hula, ya zo gaban Mama Eusebia yana murza ta kamar zai yaga.

"Mama, na yi kuskure. Ki yafe mini."

Ta dube shi sama da ƙasa, ba ta yi gaggawa ba.

"Ranar Laraba ne layina na ban-ruwa, Anacleto. Ba ni da mai riƙe mini shebur yanzu."

"Zan zo, Mama."

"Ƙarfe biyar. Kada ka makara."

Saje ya tura Wilmer cikin motar 'yan sanda. Sufeto ya rufe ƙofa, ya zagaya ya shiga gaba, jama'a suka dare suka ba su hanya.