Manhajar da Ta Daina Yin Kuskure

Duk wanda ya san Injiniya a lokacin da yake tashe zai ce maka mutum ne mai sa'a. Ni na san inda sa'ar ta fito, domin a kan babur ɗina aka je aka ɗauko ta.

Shekara shida muna shago ɗaya da shi, a hawa na biyu na wani tsohon bene. Ni ina gyaran firinta ta bakin ƙofa, shi yana can ciki jikin taga da kwamfutarsa. Ba injiniyan takarda ba ne, mu muka laƙaba masa sunan, ya kuwa karɓa hannu bibbiyu. Amma yana da kai. Shi kaɗai ya zauna ya rubuta wata manhaja ta masu kantin magani, wadda ke nuna abin da ya shigo, abin da ya fita, da wanda kwanansa ya kusa ƙarewa. Ƙananan kantuna tara suna amfani da ita, tana tafiya da ɗingishi, yau ta yi, gobe ta ƙi. Yana kirana Yaya don na ba shi shekara goma. Aibinsa biyu ne: bakinsa ba ya iya furta "ban sani ba", kuma kullum gani yake arziki ya yi masa latti.

Ana nan sai wani attajiri mai kantunan magani bakwai ya kira shi. Ya sayo sababbin kwamfutoci, yana so a haɗa kantunan duka a kan manhaja ɗaya cikin mako biyu. In ta yi, zai haɗa shi da abokan sana'arsa.

Ranar farko manhajar ta ƙi buɗewa a kan sababbin kwamfutocin. Ya cire ta, ya sake sakawa, ta buɗe, amma ta ce ba ta gane tsohon fayil ɗin bayanai ba. Kwana biyu ya yi a kan wannan. Da bayanan suka shiga, sai rabin magungunan suka nuna sun lalace tun bara, alhali shekaranjiya aka sauke su daga mota. Ya lallaɓa wannan, firintar rasit ta fara fitar da wasu alamomi kamar sawun tsutsa. Na je na duba masa, na canza kebul, na sake saka direba, wato manhajar da ke haɗa firinta da kwamfuta, na buga gwaji. Firinta lafiyarta ƙalau. Sikana kuwa, in an haska kwali ɗaya sai ta rubuta biyu. In masu sayarwa biyu suka danna a lokaci guda, sai allo ya daskare, wani ɗan akwati ya fito da lambar kuskure, kullum ita ɗin ce, ba wani bayani.

Ya dawo shago ido ya yi ja, ya jefar da jaka. "Yaya, na kashe na kunna ya fi sau hamsin. Na mayar da sabuntawar baya. Ka duba, ga ta nan a kwamfutata tana aiki!"

Na ce, "To ai ba a kwamfutarka za su sayar da magani ba. Ka nemi wanda ya fi ka sani, ya duba maka."

"Wa ya fi ni sanin abin da na rubuta da hannuna?"

Rana ta goma attajirin ya tsare shi a gaban layin masu sayen magani. "Kai injiniya ne ko mai gyaran tocila?"

"Yallaɓai, saura kaɗan."

"Tun ranar farko saura kaɗan. Kwana huɗu na ba ka. In ba ta yi ba, ka kwashe tarkacenka."

Mutanen layi suka yi dariya. Wannan dariyar ce ta kai shi inda ya je.

Washegari da rana tsaka ya ce in kai shi wajen wani kwastoma. Muka fita gari, muka bi bayan wata masana'anta da ta daɗe a rufe, muka tsaya a ƙofar wani ɗaki na bulo marar taga. Sai a nan ya gaya mini gaskiya: wani direban motar kaya ne ya yi masa kwatancen boka. Na ce mu koma. Ya ce in jira shi a waje in ina tsoro. Na bi shi ciki, ina ganin ko zan iya janye shi.

Waje rana na ƙona ƙeya, amma ɗakin sanyi kamar cikin rijiya. Warin tsohon jini da ƙonannen gashi ya bugi hancina. An lulluɓe bango da jan ƙyalle da ya koma baƙi-baƙi. A kan wata waya daga kusurwa zuwa kusurwa an rataye kwaɗuna sun fi ɗari, duk a kulle, duk sun yi tsatsa. A tsakiya akwai tukunyar ƙasa mai faɗin baki, an kewaye ta da ƙahoni. Shi bokan tsoho ne siriri, cikin farar riga mai tsabta, kamar ma'aikacin ofis da ya yi ritaya. Wannan tsabtar ta fi ƙahonin ba ni tsoro.

Bai bari Injiniya ya gama bayani ba. "Gyara kake so ko arziki?"

"Duka, Baba."

"Abin da ke cikin aikinka zan iya fitar da shi. Amma ba a kashe irinsu. Sai an ba shi masauki. Kana da masauki?"

Injiniya ya yi 'yar dariya. "Akwai tsofaffin kwamfutoci uku a shago, ya shiga wadda yake so."

Boka bai yi dariya ba. "Mutum nawa ne a gidanka?"

"Huɗu. Mahaifiyata, 'yata, matata, sai ni."

Tsohon ya jawo wani jan zare, ya ƙulla shi sau huɗu, a hankali, yana jan kowane ƙulli da haƙori.

Na ce, "Baba, ƙullin na mene ne?"

"Kai ka zo nema?"

"A'a."

"To ɗan rakiya ba ya tambaya."

Injiniya ya tambayi abin da zai biya. Boka ya ce shi ba ya karɓar komai, abin da yake so kawai Injiniya ya ce ya yarda, sau uku. Na ja masa gefen riga. Ya fizge, ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "Yaya, kwana uku ya rage mini." Ya faɗa sau uku.

Boka ya karɓi filashi, 'yar ma'ajiyar da ake sokawa a kwamfuta, wanda manhajar ke ciki. Ya yanka baƙin zakara a kan tukunyar, ya yanki gashin goshin Injiniya da farcen babban yatsansa ya jefa, sannan ya saki filashin a ciki. Ya sunkuya ya yi magana da tukunyar da wani yare da ban taɓa ji ba. Wallahi na ji wani abu ya yi numfashi daga ciki, dogo, kamar wanda aka tasa daga barci. Da ya ciro filashin, a bushe yake, kuma da zafi.

Da la'asar ɗin ranar manhaja ta buɗe a kantuna bakwai. Rasit ya fito sarai, sikana ta shiga hankalinta, akwatin kuskure bai sake leƙowa ba. Attajirin da ya ci masa mutunci shi ya riƙa yawo da shi wajen abokansa. Duk kwamfutar da aka soka wa filashin nan sai ta karɓa, tsohuwa ko sabuwa. Na ga manhajar ta hau wata da na san kayan cikinta sun ƙone. Kafin shekara ta zagayo Injiniya ya buɗe ofis mai gilashi, ma'aikata ashirin, motoci biyu, gida mai bene. Ya ce in bar firinta in zo in zama manaja. Na ce bayana ba ya son kujerar ofis.

Ranar da ya saka manhajar a wani babban rumbun magani, Inna, mahaifiyarsa, tana ninke wanki da hantsi. Sai ta tsaya cak, hannu a sama, ido a buɗe. Surukarta ta yi ta kiranta, ta girgiza ta, ba motsi. Kafin a isa asibiti ta cika. Mutane suka ce tsufa ne. Wajen gaisuwa na kalle shi, ya kawar da kai.

Da aiki ya yi masa yawa sai ya ɗauki wata ƙwararriya don ta riƙa kula da manhajar. Ranar da na je duba firintocin ofishin, a gabana ta shigo masa da takardu a hannu.

"Yallaɓai, na karanta manhajar nan layi-layi. Bai kamata ma ta buɗe ba."

"Ban gane ba."

"Wajen rubuta kwanan wata, sababbin kwamfutoci wata suke fara sakawa kafin rana, taka kuwa rana take jira. Shi ya sa magunguna suke nuna sun lalace. Sannan akwai wani tsohon fayil da take dogara da shi, wanda sabon tsari ya daina ɗauka. Daga shi sauran matsalolin suke. Aikin rabin yini ne. Amma duk kurakuran suna nan, ba wanda aka taɓa. Ban san abin da ke riƙe da ita ba."

Aikin rabin yini. Injiniya ya dube ni. Ya ce ta gyara nan take. Ta gyara, ta fitar da sabuwa mai tsabta, suka saka a kwamfutar ofis. Aka kashe aka kunna, tsohuwar ce ta fito. Suka sake, tsohuwar. Suka goge kwamfutar kaf, suka ɗora komai daga farko, tsohuwar. Sau shida matar nan ta gwada. A na bakwai ta ɗauki jakarta, ba ta sake dawowa ba.

Na ce masa ya tsaya haka, kada ya ƙara karɓar aiki ko ɗaya. Ya ce to. Amma wani babban kamfani ya zo da kwangilar da ta fi duk na baya, ya yi kwana biyu yana jujjuya takardar, ya ce mini wataƙila dai tsufan ne ya ɗauki Inna. Ya sa hannu ranar Litinin. Ranar Laraba 'yarsa, mai shekara tara, tana wasan tsalle da ƙawayenta a makaranta, ta faɗi. Ba ta tashi ba.

Matarsa ba ta yi kuka ba. Bayan mako ɗaya ta fara jera faranti huɗu a tebur, ta kwashe, ta wanke, ta sake jerawa, tun safe har yamma, har hannunta ya tsage. Da na je ta tare ni a ƙofa tana murmushi. "Yaya, ka biyo ta makaranta? Ba a tashe su ba?" Na ce ban biyo ta can ba. Ta sake tambayata da muryar nan, da murmushin nan, ya fi sau goma. In mijinta ya shigo sai ta yi kururuwa, ta ce a fitar da baƙon. 'Yan'uwanta suka zo suka tafi da ita.

Daga nan Injiniya ya shiga bin kantuna ɗaya bayan ɗaya, yana roƙo a bar shi ya cire manhajarsa. Masu kantuna suka ce ya haukace. "Abin da bai taɓa ba mu ciwon kai ba za ka cire?" Inda aka yarda masa, zai danna cirewa, layin ya cika har ƙarshe, allo ya ce an gama, ga ta nan zaune a wurinta. Ya fasa filashin da guduma a gabana. Bai canza komai ba.

Na sake ɗaukarsa muka koma bayan masana'antar. Boka yana nan cikin farar rigarsa. Ya ɗago jan zaren, ƙulli ɗaya ya rage.

Injiniya ya zube. "Baba, masauki ka ce! Ban san gidana kake nufi ba."

"Na tambaye ka mutum nawa, ka lissafa da bakinka. Ka tambayi kuɗi, ba ka tambayi zare ba. Ɗan rakiyarka ne ya tambaya."

"Ka karɓi gidan, ka karɓi motocin, ka dawo mini da matata kawai."

"Me zan yi da mota? Ba ni na ci ba."

"To a fasa aikin!"

"Aikin ya yi. Ko akwai ranar da ta ƙi buɗewa?"

Wata uku bayan haka, da misalin ƙarfe goma na safe, manhajar ta mutu a ko'ina a lokaci guda. Duk bayanan kantunan suka shafe, ba a samo ko layi ɗaya ba. Masu kantuna suka cika ofis suna ihu, ma'aikata suka sulale ta ƙofar baya. Da aka ɓalla ƙofar ɗakinsa, yana zaune a ƙarƙashin tebur, ya toshe kunnuwa, yawu na zuba. Gida da motoci suka tafi wajen shari'a. Yanzu yana ɗakin baya a gidan yayarsa. Bai san ni ba. In ya ga allo ya yi haske, ko na waya ne, sai ya fasa ƙara har maƙwabta su fito, don haka duk mai shiga sai ya ajiye wayarsa a waje.

Makon jiya wani mai kanti ya zo mini, kwana uku manhajarsa ta ƙi magana da firinta. Ya buga tebur ya ce, "Malam, ko me za a ce in bayar zan bayar, in dai ta yi aiki yau!" Ban san lokacin da na daka masa tsawa ba. Na ce ya janye wannan maganar, na zaunar da shi, na ba shi ruwa. Awa biyu muka yi muna bi ɗaya bayan ɗaya, muka gano matsalar.

Ina gaya muku, ku masu gaggawa: aikin da ya ƙi, ka zauna da shi, ka sha haushinsa, ka sauke kai ka tambayi wanda ya sani. In an rasa kwangila, an rasa, za ka koma gida ka tarar da mutanenka suna numfashi. Kwaɗayi ba ya gaya wa mutum farashi sai ya gama ɗauka, kuma ba daga aljihunka yake ɗauka ba. Ni na ga wanda ya ƙi jurar kunyar yini ɗaya, na raka gawa biyu daga gidansa.