Ɗaurin da Hannuna Ya Manta

Atamfa ɗinki ɗaya, mai warin ƙasan akwati. Mayafi. Takalmi mai tsini. Kwalbar turare, tsarabar Hajiya. Abin da ke cikin jakata ke nan da jirgin ƙasa ya fita daga gari.

Na shiga banɗakin jirgin, na cire wando da baƙar rigar sanyi, na sa atamfar. Ɗankwalin ne ya ƙi. In naɗa, jirgi ya girgiza, ya warware. Hannuna ya manta.

Injiniya ne ya raba ni da kayan nan, shekarar da na zo karatu ƙasar waje. A bakin ɗakin karatu ya tare ni.

"Ƙanwata, duk titin nan ke kaɗai ake kallo. Nan ba a son kaya mai ihu."

Shi ya kai ni kanti, ya zaɓi baƙi da ruwan toka, ya kifa min hular ulu. Aka daina kallona a bas. Na samu aiki a kantin magani. Na so shi, don wannan da wasu abubuwan.

Yanzu mahaifiyarsa, Hajiya, ta zo ganin likita, tare da 'yar ƙanwarta, wadda dangi suka daɗe suna ajiye masa. Jiya ya kira ni.

"Zuciyata, ki yi shigar gida. Don Allah... irin ta da."

Na isa gidansa da ɗauri a karkace. 'Yar ƙanwar ce ta buɗe ƙofa, nata ɗaurin kamar an sa gwangwani an auna.

"Lah! Ke ce? Ban gane ki ba. Ni da wando na san ki, a hoto."

Hoton ya riga ni isa wayar Hajiya. Ni ce a tashar bas, wando, baƙar riga, hula, ba mayafi.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa a taƙaice, ta juya wa ɗanta wayar.

"Wannan za ka kawo min gida?"

Injiniya ya kalli ƙasa.

"Wallahi Hajiya, ni ma na sha yi mata magana. Zama da mutanen nan ne... za ta gyara."

Rigar da ke cikin hoton, da hannunsa ya ɓalla min maɓallanta a gaban madubin kanti.



Hajiya ta daɗe tana kallona.

"Taso nan. Wannan ɗauri kamar kaza ta kwana a kai."

Ta zaunar da ni a gabanta, ta warware, ta naɗa, ta ja. Garin miƙa hannu zaninta ya ɗage. Wandon ulun ɗanta ne a ƙasa, da safa biyu.

Ta ga na gani.

"Sanyin garin nan ba ya kunyar kowa," ta ce ƙasa-ƙasa. "Tun ranar da na sauka na sa. Ki rufa min asiri."

Sai ta ɗaga murya. "Yarinyar na da kunya. In na koma zan tura kawunnanka gidansu."

'Yar ƙanwar ta shige kicin. Muka ji murfin tukunya ya bugi ƙasa.

Injiniya ya rako ni har titi, bakinsa ya ƙi rufuwa.

"Kin gani? Mun ci, zuciyata!"

"Wa ya saya min rigar?"

"Haba... maganar gaban manya ce. Me kike so in ce?"

"Ka ce kai ne."

"Ai ya wuce. Ta yarda!"

"Ita ta yarda."

Iska ta ratsa atamfar. Na ciro baƙar rigar daga jaka na ɗora a kan atamfar, na tsayar da tasi. Na shiga, ya riƙe ƙofa.

"Masoyiyata, kar ki yi mana haka..."

Na ɓamɓare yatsunsa, na ja ƙofar ta rufe. Na sauke gilashi kaɗan.

"Ka ce wa Hajiya na gode. Kar ta tura kowa gidanmu."